Jan Mayafin Inna a Birnin Rawaya

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ya rina ta shuɗiya ba da rijiyar rini ba, ya shimfiɗa ƙasa ya yayyafa mata kore, ya ba garwashi ja, ya ba auduga fari, sannan ya ba ɗan Adam ido biyu ya bar shi da nema. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Barmo marini, mutumin Tukuba, wanda kuka sani da shanyayyen hannun dama. Kun daɗe kuna tambayar abin da ya sami hannun nan, marasa kunya a gabana, masu kunya a bayan idona. To ku gyara zama, yau na ga dama.

Mu mutanen Tukuba rini muka tashi muka tarar. Yaro a garinmu yana bambanta shuɗi mai duhu da mai ruwa-ruwa tun kafin ya iya ɗaure wandonsa, kuma in mun haɗu a kasuwa rigar mutum muke fara gaisarwa kafin mai ita. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna Tasalla ce ta rene ni da kaɗi da saƙa da kuma baki. Bakin nan nata, Allah ya ji ƙanta, ko almakashi bai kai shi kaifi ba. Da girma ya zo mata sai yanar ido ta fara rufe mata gani sannu a hankali, har fuskokin mutane suka narke mata, ba abin da ya rage sai launi.

"Fuskarka ta tafi, Barmo," ta ce da ni wata safiya na kai mata kunu. "Ba wata asara aka yi ba, dama can hancin ubanka ka ɗauko. Amma shuɗiyar rigar nan taka, ko daga bakin rafi ka ɓullo ina ganinta."

Na yi dariya a gabanta, na zaga bayan ɗaki na share hawaye.

Ana nan sai wani falke ya sauka a garinmu, ya ba ni labarin Birnin Asfara, can bayan Hamadar Gishiri, inda ya ce akwai wata mata mai cire yanar ido da allurar azurfa. Ya ce ba ta karɓar zinariya, shuni kaɗai take so, don ba a samunsa a ƙasarsu. Ban tsaya tambayarsa dalili ba, kuma shi ma bai ga dama ya ƙara mini komai ba. Na shiga marina na haɗa curin shuni irin wanda ban taɓa haɗawa ba, na ƙunshe shi a fata. Inna ta yi mitar duniya, ta ce ita da ƙasusuwanta ba inda za su, sannan na tarar ta riga ni ɗaure kaya.

Ranar tashi ta miƙo mini wani farin ƙyalle a naɗe, saƙar hannunta ce tun idonta na gani.

"Sa wannan a ƙasan jakarka. Likkafanina ne. In ta Allah ta kasance a hanya, ba na son a naɗe ni a buhun gero."

Ni kuma na ba ta mayafi ja wur, na ce kada ta kuskura ta raba shi da jikinta. Muka yi alkawari irin na mutanen garinmu: in mun rabu, ni in nemi ja, ita ta nemi shuɗi. Iyakar shirin da muka yi ke nan, muna ganin mun gama dabara.

Muka yi ta tafiya, ita a kan jaki ni a ƙasa, har ciyawa ta ƙare, itatuwa suka ƙare, muka shiga Hamadar Gishiri. Ƙasa fara fat, tuddai farare, har tsuntsayen wurin farare ne. A tsakiyarta guguwa ta taso mana da rana tsaka, ta fizge igiyar jakin daga hannuna, ta yi ta wurgi da ni har na rasa gabas. Da ta lafa na miƙe, ba jaki ba Inna. Na rarrafa na hau wani tudu, kuma tun ban gama miƙewa ba na gan ta, ɗan ɗigon ja can nesa a cikin farin duniya. Ban neme ta ba sam, idona ne ya tafi wurinta da kansa. Na isa na same ta zaune tana karkaɗe gishiri daga kunnenta tana zagin jaki.

Daga ranar nan kaina ya kumbura. Na ce wa zuciyata ko a cikin taron tashin kiyama ne, muddin mayafin nan na jikinta, ba ta ɓace mini.

Bayan hamada sai Kwarin Furanni Masu Ƙifta. Fadama ce mai haɗiye mutum, hanya ɗaya tak ke ratsa ta, wasu duwatsu masu ruwan toka jere cikin laka mai kusan launinsu. Jakinmu ya ƙi shiga, muka bar shi a bakin kwarin, na goya Inna. Ko'ina ka duba furanni ne a tsuke, sai ka ɗaga ƙafa za ka taka dutse, fure ɗaya ya buɗe farat, ja kamar jini, ya rufe. Wanda ya waiwaya ya kuskure dutse, wanda ya kuskure dutse laka ta karɓe shi. Mun ga sanduna da huluna na waɗanda suka riga mu, suna yawo a kan lakar.

Ni kuwa da na wuni na kwana ina kiwon ja da idona, furannin nan kamar sunana suke kira. Ban yi nisa ba ƙafata ta zame, na nutse har cinya. Da ƙyar na dire Inna a kan dutse, ta laluba ta saƙalo wuyan rigata da sandarta, ta yi ta ja tana salati har na fito.

"Me kake nema a kwarin nan?" ta tambaye ni tana haki.

"Hanya mana, Inna."

"Ƙarya kake, ja kake nema. Tun hamada ka cika cikinka da shi. Duwatsun wane iri ne?"

"Ruwan toka."

"To kwashe jan nan ka zuba toka a ranka. Ni ina bayanka, ba inda zan je. Ka yi ta faɗi da bakinka in ji."

Na sake goya ta, ina tafiya ina cewa toka, toka, toka, kamar zautacce. Abin mamaki, duwatsun da ɗazu nake lalube sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar an wanke su. Furannin ba su daina ƙiftawa ba, ina jin su a gefen idona, amma sun rasa hannun da za su kama ni da shi. Haka muka ƙetare, Inna na dukan kafaɗata duk lokacin da na yi shiru.

Da muka hau tudun ƙarshe muka hango Asfara, sai na tsaya baki buɗe. Ganuwa rawaya, ƙasa rawaya, soraye rawaya, mutanen da ke shige da fice rawaya tun daga kai har ƙafa. Hatta awakinsu an shafe su da rawaya. Na gaya wa Inna, ta ce ita ma tana gani, kamar an kifar da ƙwaryar ɗorawa a duniya.

A bakin ganuwa wani dogari ya tare mu da sanda.

"Maza wannan ƙofar, mata waccan."

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce, ba ta gani."

"Akwai masu riƙe mata hannu. Ba a kanku aka fara ba."

Na buɗe baki zan yi gardama, Inna ta zungure ni. "Kai dai wuce, sai ka ce jiya aka yaye ka. Ka hango ja, in hango shuɗi, magana ta ƙare."

Wata mata ta kama hannunta. Na bi jan mayafin da kallo har ya shige.

A cikin zauren maza aka ce in tuɓe. Kafin in gane abin da ake ciki wani ya fizge rigata ya jefa ta a wani rami mai wuta, ya miƙo mini doguwar riga rawaya mai haɗe da murfin kai. Na yi kukan kura zan shaƙe shi, babbansu ya kama ni ya ja ni bakin taga ya nuna mini sama. Can ƙololuwa wasu ɗige-ɗige baƙaƙe ke kewaya birnin.

"Tsintau ke nan," in ji shi. "Tsuntsaye ne, kowanne ya fi raƙumi. Daga inda suke ba su san mutum ba, ba su san tulu ba. Abin da ya fita daban da sauran shi suke gani, shi suke saukowa su ɗauka. Ka ratsa filin garin nan da shuɗiyar rigarka, ba za ka kai tsakiya ba. Mun yi maka alheri, baƙo, kana neman shaƙe mu."

Sai a lokacin na tuna da Inna. "Jan mayafin mahaifiyata fa?"

"Ya riga rigarka zama toka."

Suka zazzage jakata. Ƙunshin shuni ba su buɗe ba, sun ɗauka magani ne. Da suka kai ga farin ƙyallen za su jefa wuta na ce likkafanin uwata ne, sai mutumin ya janye hannunsa, ya ce in tura shi ƙasan jaka kada in taɓa warware shi a ƙarƙashin sama. Na tambayi inda ƙofar mata ke fitarwa, suka ce can ɗaya gefen birni, cikin babbar kasuwa. Na fita da gudu.

Kasuwar Asfara a rufe take da rumfunan asabari, shi ya sa a cikinta kaɗai ake iya baje kaya masu launi. Girmanta ya fi garinmu da gonakinsa. Mutane kuwa kamar an tone gidan tururuwa, kowa rawaya, kowa kai a rufe, ba ka sanin tsoho ko yarinya sai ka leƙa ƙarƙashin murfi. Na isa ƙofar mata, suka ce tsohuwar ta ƙi zama, ta ce ɗanta na nan kusa za ta hango shi, ta shige cikin jama'a.

Ku ji irin wautar ido. Na sani sarai mayafin ya ƙone, da kunnena aka gaya mini. Amma ina shiga taron nan idona ya koma aikin da ya saba. Ya kai ni wurin zakara mai jan zanko, ya kai ni wurin mahauta, ya kai ni wurin mai goro da mai manja. Duk inda ja ya ƙyalla zuciyata sai ta yi tsalle, ƙafata ta bi, in isa in tarar da tsokar nama. Na tuna dabarar kwari, na fara cewa rawaya, rawaya, rawaya. Sai birnin gaba ɗaya ya amsa mini, bango da ƙasa da dubban mutane, har jiri ya kwashe ni na dafa ginshiƙi.

Na koma bi ɗaya-ɗaya. In ga mai ɗan doro in sha gabanta in ɗaga murfi. Na sha mari, na sha zagi, wani maƙeri ya bi ni da guduma don matarsa na leƙa. Na ɗaga murya na kira "Inna!", rabin tsofaffin kasuwar suka waiwayo, kowacce da fatan nata ne. Rana ta faɗi ta fito, ta sake faɗuwa ta fito, ban san ko sau nawa ba. Tafin ƙafata ya tsage, muryata ta dushe, abinci in na sa a baki kamar auduga. Ni na ɗauko tsohuwar nan daga ɗakinta, inda ta san kowane lungu da tafin hannunta, na kawo ta inda ko ruwa ba ta san wanda za ta roƙa ba. Tsoro irin na lokacin nan ban taɓa jin sa ba, ko a cikin laka.

Wata rana ina tsaye sai na ji an ce, "Kai baƙo, barkonon nan ko ka saya ko ka ƙyale shi ya huta. Kullum sai ka zo ka tasa shi gaba kamar kun haɗa dangi."

Wata mata ce mai faɗin fuska, zaune a bayan kwandunan jan barkono. Sunanta Yalwa. Ban san ina yawan tsayawa a wurin ba sai da ta faɗa. Na zube a gabanta na kwashe labari na gaya mata. Tun ban gama ba ta dafe ƙirji.

"Wata 'yar tsohuwa mai sanda, mai bakin tsiya? Wadda ke tare mutane tana tambayar wa ya ga mai shuɗiyar riga?"

"Ita ce! Wallahi ita ce!"

"Wayyo ɗan'uwana. Ai ranar da ka fara tsayuwa a nan ta wuce ta bayanka. Sandarta har ta taɓa dugaduginka, ka matsa mata hanya ba ka waiwaya ba, idonka na kan barkono. Ita ma ta ɗaga kai ta dube ka ta wuce. Yara na bin ta suna dariya, wai shuɗiyar riga a Asfara."

Na kifa kaina a ƙasa na yi kuka kamar ba namiji ba. Yalwa ta bar ni sai da na gaji, sannan ta gaya mini sauran, wanda ya fi na farkon muni. Abincin Asfara duk ta ruwa ake kawo shi, don haka ba sa ciyar da baƙon da ba shi da mai tsaya masa. Dogarai kan tattara irinsu a Gidan Jira, in kasuwa ta tashi a zuba su a jirage a ƙetare da su Babban Tafki zuwa wasu tsibirai. Jiragen kan dawo da hatsi, ba su taɓa dawowa da mutum ba. Yalwa ta ga lokacin da suka tafi da Inna, tana ta dukansu da sanda.

"Yaushe kasuwa ke tashi?"

"Yau. Gobe da hantsi za a loda su. Wanda ya kama hannun nasa a bakin tafki kafin ya hau jirgi, an bar masa. Doka ce."

Na ruga Gidan Jira na yi ta dukan ƙofa har hannuna ya fashe. Aka leƙo ta wata kafa aka ce a bakin tafki ake karɓa, aka rufe.

Da gari ya waye na riga kowa isa. Bakin tafkin fili ne fetal, ba rumfa ba inuwa, an shimfiɗe shi da rawayen duwatsu. Na zaci mutum ɗari ko biyu za a kawo. Da aka buɗe ƙofa sai ga su suna kwararowa kamar ambaliya, baƙin kasuwa guda daga kowace kusurwar duniya, kowa a lulluɓe, ga masu neman nasu sun cakuɗe da su. A kan ganuwa makaɗa suka saki manyan ganguna don tsintau su tsaya can sama, ƙarar har cikin haƙori kake jin ta.

Na faɗa cikinsu ina ɗaga murfi. Wannan ba ita ba, wannan ba ita ba, wannan namiji ne ma. Kafin in duba goma, ɗari sun wuce ni. Jirgin farko ya cika ya tashi. Na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na kira sunan mahaifiyata gatsau, "Tasalla! Tasalla ta Tukuba!" Ni kaina ban ji muryata ba saboda ganguna. Jirgi na biyu ya tashi. Wataƙila tana ciki, wataƙila tana bayana, ba yadda zan sani.

Aka bangaje ni na faɗi a gefen ruwa, jakata ta zube, ƙunshin shuni ya gangaro gabana. Na zuba masa ido. Sai maganar Yalwa ta dawo mini, cewa Inna ta ɗaga kai ta dube ni ta wuce. Ashe duk kwanakin nan da nake ta haƙilon nema, ita ma nema take, kuma ita har yanzu abu ɗaya ta riƙe a ranta. Ni ba ni da jan da zan gani. Ita kuwa ana iya ba ta shuɗinta.

Na kwance ƙunshin. Wannan curin shi ne ladan mai allurar azurfa, shi ne idon Inna. In na narkar da shi ba za ta ƙara ganin fuskata ba. Na dubi jirgi na uku ana jawo shi bakin gaɓa, na ɗauki dutse na farfasa curin.

Na jiƙa shi na goga a hannun rigata, sai ga kore shar. Ni marini ɗan marini, ruɗewa ta sa na manta abin da yaron garinmu ya sani, cewa shuɗi in ya hau rawaya kore yake haifarwa. Inna ba za ta ko kalli kore ba. Fari nake bukata, kuma a duk faɗin Asfara farin ƙyalle ɗaya na sani.

Na zaro likkafanin na ce, "Inna ki yafe mini." Na tsoma shi a tafki, na zube shunin duka a kai, na yi ta murzawa da hannu biyu da gwiwa har ya sha, shuɗi mai duhu irin na rigata. Akwai tarin buhunan gishiri a tsakiyar filin. Na haye can ƙoli, na tuɓe rawayar na yar, na yafa likkafanin, na buɗe hannuwana.

Waɗanda ke kusa suka fara ihu, ihun ya bazu. Mutane suka dare suka bar ni ni kaɗai, makaɗa suka rikice kiɗa ya karye. Dogarai na ta yi mini alama in sauko, ba wanda ya yarda ya matso. Na ɗaga kai sau ɗaya, na ga ɗige-ɗigen nan sun daina kewaya, sun fara girma. Ban ƙara kallon sama ba. Na yi ta juyawa a hankali, gabas da yamma, kudu da arewa, don duk inda take ta samu rabonta.

Kowa a filin nan gudu yake yana nisantata. Can bakin jirgi na uku, a kan katakon hawa, sai na ga rawaya guda ɗaya ta tsaya cak. Ta juyo. Ta sauko tana ture mutane, tana tahowa sosai inda kowa ke gudowa, da 'yar sanda a gabanta.

Inuwa ta rufe ni. Na ji iska mai wari, sannan na ji kamar an kafa mini lauje huɗu a kafaɗar dama. Ƙafafuna suka bar buhu. Tsuntsun ya yi sama da ni da likkafanin, na saƙale ƙafata a igiyar buhunan, na ƙanƙame ƙyallen da hannun hagu, don in ya tafi da shi Inna za ta rasa inda za ta nufa. Na ji wani abu ya tsinke a kafaɗata. Wasu biyu na saukowa a bayansa.

Sai ga wata mata ta keto fili da gudu, da babban kwando a kai lulluɓe da rawaya. Yalwa ce. Ta yaye lulluɓin ta watsa kwandon iya ƙarfinta, jan barkono ya tarwatse a kan rawayen duwatsu, nan da can da ko'ina, yana gangarawa yana tsalle. Biyun da ke tafe suka karkace suka bi ja, suna sara a dutse suna karo da juna. Wanda ya riƙe ni ya juya kai shi ma, ƙafarsa ta saki. Na faɗo na gangara ƙasan buhuna.

Abin da na fara ji shi ne sanda a ƙwaurina. Sannan aka yafa mini rawaya, aka rufe ni ruf da ni da shuɗin, wani ɗan jiki mara nauyi ya kwanta a kaina. Hannu ya lalubo fuskata ya tsaya a kan hancina.

"Hancin ubanka," in ji Inna. "Ina ka shiga, ɗan banza? Na duba kowa a garin nan, ba mai shuɗi ko ɗaya."

Na kama hannunta da hannun da ya rage mini, na ɗaga shi sama ta gefen rigar don dogarai su gani.

Doka ta ba ni Inna, doka kuma ta kore mu a ranar, saboda na jawo tsintau kan jama'a. Ko ƙofar mai allurar azurfa ba mu gani ba, kuma da mun gani ma ba abin da za mu ba ta. Yalwa ta ɗaure mini kafaɗa, ta cusa mana gurasa a jaka, ta ce in na ƙara kallon barkonon wani haka a raba mu. Muka bi wani ayari ta doguwar hanya muka dawo Tukuba. Hannun bai ƙara ɗaguwa ba, ban sake tsoma zane a rijiya ba. Idon Inna kuma ya ci gaba da rufewa har launin ma ya tafi.

Na so in wanke likkafanin, ko in sa a saƙa mata wani. Ta hana, ta karɓe shi ta sa a ƙarƙashin matashinta, da yagar farcen tsuntsu da komai. Da ciwon ajali ya kwantar da ita ta sa aka kira liman, ta ce da shi za a naɗe ta. Liman ya ce fari aka fi so, Inna. Ta ce ya ɗora farinsa a sama in ya ga dama, amma wannan ne zai taɓa jikinta. Sannan ta lalubo hannuna, shanyayyen, ta riƙe.

"Na san ka, Barmo, ba ka iya nema ba," ta ce. "Ranar da za a tara mu, kowa zai taso da farinsa. Kada ka tsaya ɗaga wa matan mutane lulluɓi. Ka cire komai a ranka ka sa shuɗi, za ka gan ni."

Haka aka yi mata. Ni na riƙe gefen ƙyallen da hannun hagu, liman ya ja ɗayan.

Wannan shi ne labarin hannuna, ku da kuka tambaya. Wanda ya rina sama ya ji ƙan iyayenmu, ya haɗa kowa da wanda yake nema.